Yadda goro ya sauya hanya daga Salaga

A ƙarni na 19, Salaga ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina sukan shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu, jakunansu ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Yendi, su komo da goron Asante. Har bayi ake sayarwa a can, kuma ba na son a riƙa tsallake wannan idan ana yabon garin.

Abin da ya karya kasuwar daga nesa ya taso. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi da yaƙi. Gwanja ta ɓalle daga Asante, su kuwa Asante suka tare mata goro, ciniki ya koma Kintampo. Yaƙin sarauta na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Baƙi suka watse, wasu Yendi, wasu Accra, wasu Kete-Krachi, inda malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna. Yendin ma ba ta tsira ba: Jamusawa sun ci Dagomba a Adibo a 1896, yarjejeniyar 1899 kuma ta bar Yendi a hannun Jamus, Salaga a hannun Ingila. Tsohuwar hanyar ayari sai ga iyaka a tsakiyarta.

Idan 'yan kasuwa suka bugo waya a shirina suna kukan rufe iyaka ko tashin dala, wannan zamanin nake tunawa. A ganina, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka gane cewa jarinsu na gaske shi ne fatoma da dillali da amanar da ke sa a ba su kaya bashi, kuma duk wannan ana iya tashi da shi zuwa wani zango. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bar jaki suka loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya rungumi gyaɗa.

Can arewa, Bawku da ke dab da iyakokin Burkina Faso da Togo na yau ta samu nata rabon: shanu da tumaki da albasa su gangara Kumasi, goro ya hauro. Har gobe Hausa na cikin manyan harsunan ciniki a kasuwarta.