Lokacin da ake kamun giwan ruwa a Tenere

Ƴan uwana na Arlit da Akokan, kifin da muke ci yau mota ke kawo mana shi daga nesa. Amma kun san an taɓa kamun kifi a hamadar nan tamu?

A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno ya gano Gobero, kudu maso gabas da Agadas. Wajen shekaru 9,000 baya, tabki ne mai zurfi, mutanen wurin suna sukar manyan giwan ruwa da mashin ƙashi. Shi kuwa wannan kifi sai a ruwa mai zurfi da wadatar iska yake girma.

Fari ya zo, tabki ya ƙafe, jama'a suka watse. Da ruwa ya dawo wajen shekaru 7,000 baya, bai kai zurfin da ba. A jujin mutanen wannan zamanin, ƙashin tarwaɗa da karfasa aka fi samu, don su suna jure ruwa kaɗan da taɓo. Daga baya su ma suka ɓace.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa da muke sha tun da aka fara haƙar uraniyum a 1971, ajiyar damunan da ce. Damunar yanzu ba ta mayar da abin da muke ɗiba. To jama'a, mu lura da famfunanmu, don Allah.