Daga Dokar Soja ta 4 zuwa 'Yancin Samun Bayanai

A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda, don sun riga hukuma bayyana labarin naɗin jakadu. Dokar Soja ta 4 ba ruwanta da gaskiyar labari, muddin ya kunyata mahukunta.

Daga 1993 Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya da abokanta suka dage sai talaka ya leƙa kundin gwamnati, jaridu kuwa suka yi ta yayata batun. Obasanjo ya ƙi sa hannu a 2007, sai Jonathan ya sa ranar 28 ga Mayu, 2011. Yau manomin citta a Kagoro yana da ikon tambayar nawa aka kashe kan hanyar Kafanchan, doka kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.