Tarihin na'urar sanyaya mota da dalilin ɗaukewarta a tsakar zafi

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni a watan Afrilu ya san wannan matsala: na'urar sanyaya mota ta yi ta busa sanyi da hantsi, rana na take tsaka sai ta koma huro iska mai ɗumi, jim kaɗan kuma sanyin ya dawo. Mafi yawan mutane kan yanke hukunci cewa gas ne ya ƙare. Sai dai wanda ya san yadda aka ƙera na'urar, da matakan da ta bi kafin ta kai siffarta ta yau, zai fi saurin gano inda cutar take.

Asalin na'urar daga Amurka ne. A shekarar 1902 injiniya Willis Carrier ya haɗa wata na'ura domin rage danshin iska a wata maɗaba'a da ke Brooklyn, inda laima ke lalata aikin buga takardu. Iskar da ake sanyaya abubuwa da ita a wancan zamani, irin su amoniya, tana da guba, don haka ba ta dace da ɗakin mota ba. A 1928 ne Thomas Midgley da abokan aikinsa suka samar da gas ɗin da aka sani da R-12, ko Freon, wanda ba ya kamawa da wuta kuma ba shi da irin wannan guba.

Kamfanin Packard ne ya fara sayar da mota mai na'urar sanyi a 1939. Na'urar ta cinye kusan rabin but ɗin motar, kuma ba ta da makunni. In mutum ya gaji da sanyi, dole ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya cire bel ɗin da ke juya kwamfireso. Kasuwarta ba ta yi armashi ba, aka daina ta bayan 1941. A 1954 kamfanin Nash ya tattara dukkan sassan a gaban mota, tare da kuloci mai aiki da lantarki, wanda ke haɗa kwamfireso da inji ko ya raba su. Zuwa 1969, fiye da rabin sababbin motocin Amurka suna da na'urar.

Wannan kuloci shi ne mabuɗin fahimtar matsalar. Kwamfireso yana matse gas har ya yi zafi, ya tura shi cikin kwandansa da ke gaban lagireto, inda iskar waje ke kwashe zafin. Idan rana ta ƙwalle, ga cunkoso, ga ƙurar hunturu ta toshe kwandansa, ko fanka ta yi rauni, zafin ba ya fita, matsin gas kuma ya hau. Nan take wani makunnin kariya zai yanke wutar kuloci don kada kwamfireso ya lalace, sai iska ta yi ɗumi har matsin ya sauka. Haka kuma, kulocin da ya tsufa tazararsa kan faɗaɗa, maganaɗisunsa kuma kan yi rauni idan ya ɗauki zafi, sai ya riƙa kamawa da safe yana saki da rana. Ƙarancin gas ma yakan jawo haka, amma ƙara gas ba tare da awo ba a na'urar da matsinta ya riga ya yi yawa, ƙara wa Barno dawaki ne.

Gas ɗin kansa yana da nasa tarihi. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka bayyana cewa irin su R-12 suna cinye rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. A 1985 aka tabbatar da raguwar rufin a saman Antatika, kuma a 1987 ƙasashe suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montreal. Kamfanonin mota suka koma R-134a a farkon shekarun 1990. Daga baya aka ga shi ma yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau dubu da ɗoriya, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci daga 2017, aka koma R-1234yf.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin motocin hannu da aka sauke a tashoshin Kwatano da Lome, aka shigo da su Yamai, Maraɗi da Kano, sun fito ne daga zamani daban-daban. Kowace na da irin gas da man da aka tsara mata, da adadin da aka rubuta a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin murfin inji. Cakuɗa su yana kashe kwamfireso, wanda shi ne mafi tsada a na'urar. Saboda haka bakaniken kirki yakan karanta takardar nan, ya wanke kwandansa, ya duba fanka da kuloci, ya auna matsi, kafin ya taɓa kwalbar gas.