Gayya, Zakka da Kulob: Tarihin Agaji a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san cewa kogin da ke ciyar da ita shi ne kuma ke yi mata barazana, domin ruwan da ke malala cikin fadamun Auyo da Kiri Kasamma da Guri ya bar wa manomi shinkafa, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa Bafillace makiyaya a tsakiyar rani, shi ne wanda in ya fusata cikin watan Agusta yakan haura gaɓa ya kwantar da gidajen ƙasa a dare ɗaya. Mutanen da suka zauna a wuri irin wannan ba su jira wani ya zo ya koya musu taimakon juna ba. Gayya ce asalin agajinsu: mai unguwa ya sa a yi shela, samari su fito da fartanya da kwando, a ɗaga jinga, a yashe hanyar ruwa, a gyara rufin tsohuwar da ba ta da ɗa, ladan kowa kuwa fura da godiya, da sanin cewa ranar da tasa ta same shi za a fito masa.

A bisa wannan al'ada Musulunci ya aza nasa tsari, wanda ya fi ta ƙa'ida da hisabi. Zakkar hatsi farilla ce mai nisabi da masu haƙƙi sanannu, tana fitowa daga rumbun manomi lokacin kaka, sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take kullum; malamai suka riƙa karantar da cewa ceton wanda ruwa ya ci, da jinyar marar gata, da suturar gawa, duk farillan kifaya ne, waɗanda in kowa ya yi sakaci da su alhaki ya hau kan gari baki ɗaya. Bayan an kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, da ƙungiyoyin da suka biyo bayanta, sai aka ga 'yan agaji da kayan sarki da horo, suna tsare sahu ranar Idi suna ɗaukar marasa lafiya.

Kulob irin na Turawa ya iso ta wata hanya dabam. Wani lauya, Paul Harris, shi ya kafa Rotary a Shikago ta Amurka a 1905, domin 'yan kasuwa da ma'aikata su riƙa haɗuwa suna zumunci, kafin daga baya ta karkata ga ayyukan alheri, reshenta na farko a Nijeriya kuwa a Kano aka buɗe shi a 1961. A zamanin nan, har zuwa 1991 da aka yanki Jihar Jigawa, Kano ce babban birnin mutanen Haɗeja, amma duk da haka tsakanin zauren da manyan 'yan kasuwa ke taro da bukkar masunci a bakin fadama akwai nisan da jirgin ƙasan Malam Madori ba ya yankewa.

Abin da ya kawo aikin Rotary ƙofar gidan talakan Haɗeja shi ne shan inna. A 1985 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin yaƙar wannan cuta a duniya duka, a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu suka shigo aka haɗa ƙarfi, ɗigon maganin ya fara bin ƙauyuka gida gida. Niyyar kyakkyawa ce ba shakka, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro yana jan gindi a bakin kasuwa ba zai raina ta ba. Sai dai masu kawo alherin ba su lura da wata tambaya da ke zuciyar jama'a ba, wadda kuwa tambaya ce ta hankali: yaya za a biyo mutum har ɗaka da maganin cutar da bai roƙa ba, kyauta, sau da yawa a shekara, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na ɗauke masa 'ya'ya, in ya je asibiti a rubuta masa takarda a ce ya saya? Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, wanda bai gushe daga zukata ba. Da shubuha ta yi ƙarfi, gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, zargin kuwa bai tsaya a kan iyakar jiha ba.

Ba yawan kuɗi ya warware wannan mas'ala ba. An warware ta ne sa'ad da aka koma ga waɗanda jama'a ta ba amana tun fil azal. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da abin da iyaye mata ke bukata, irin su sabulu da wasu magungunan yara. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya, umarni ya sauko daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wato hanyar nan dai da shelar gayya ke bi. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Kogin kuwa nasa lamarin ya sauya. Tun da aka datse kogunan da ke ciyar da shi a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa sarai da rani, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, har ya zama ambaliya tana zuwa inda ba a saba ganinta ba, kamar yadda aka sha wuya a 2001 da 2020 da 2022. A shekarun nan na baya samarin Haɗeja ne suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa. A ganina nan ne ƙungiyoyin agaji, na gida da na waje, suka fi gazawa, domin sun fi son aikin da ake gamawa a rana ɗaya, kamar rijiyar burtsatse ko rabon shinkafa da tabarmi bayan gida ya riga ya faɗi, yankan kachala da gyaran jinga kuwa aiki ne na kowace shekara wanda ba ya ƙarewa. Hannuwan da za su yi shi suna nan a Auyo da Kafin Hausa da Guri. Abin da suke nema buhu ne da shebur da lauje da kwalekwale, su iso hannun dagatai tun watan Mayu, kafin ruwan Tiga ya taso.