Bangayen Birni: Inda Damagaram Ta Ajiye Zanenta

Mai barin Matamaye da sassafe zuwa Damagaram yakan bi ta Kance, ya faɗa babbar hanya a Takeita, ya ratsa Tirmini kafin duwatsun birnin su bayyana. Tafiyar ba ta da tsawo, amma tarihi ne shimfiɗe a kanta. A Tirmini ne, cikin watan Yuli na 1899, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da sojojin Faransa, waɗanda suka zo ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Damagaram a 1898. Daga wannan rana mulki ya kuɓuce wa fada. Sai dai akwai abin da bindiga ba ta ci ba, shi ne aikin hannun magina.

Birnin yana da gidan tarihi na jiha, kuma ya cancanci ziyara. Amma mai neman zanen ƙasar Damagaram a inda aka haife shi, sai ya shiga unguwar Birni da ƙafa, domin a can bango ne allo, titi kuma shi ne zauren nuni.

Masarautar ta kafu tun wajen 1731, amma a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ta kai ƙololuwa. Shi ya kewaye gari da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gida, ya kuma shimfiɗa ikonsa har zuwa ƙasashen kudu da Matamaye ke cikinsu a yau. Ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano yana yada zango a nan, abin da ya ba unguwar Zango sunanta. Dukiyar fatauci, wadda ba a iya raba ta da cinikin bayi na wancan zamani, ita ta ba attajirai da sarakuna halin ƙawata ƙofofinsu. Fuskar zaure ta zama shaidar matsayin mai gida: kafin baƙo ya yi sallama, bango ya riga ya gabatar da wanda zai amsa masa.

Yadda ake aikin ma darasi ne. Da tubali ake ta da gini, a yi rufi da azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba. Sannan a yi yaɓe, magini ya fitar da zane tun ƙasar tana ɗanya, ko ya tona shi ciki ko ya ɗaga shi sama. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke kare bango daga ruwa. A bisa kusurwoyi zankwaye ke tsaye kamar kunnuwan zomo. Cikin siffofin akwai dagi, da da'ira, da layuka masu sarƙa, irin waɗanda ido zai sake gani a wuyan babbar riga, da jikin ƙwarya, da jakar dukawa. Hannu daban-daban ne, harshen zanen ɗaya.

Turawa sun mayar da Damagaram hedkwatar ƙasar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. Tun kafin nan sun tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin ƙulla tawaye, sarautar ba ta dawo ba sai a 1923. Komawar mulki yamma ta rage wa birnin armashi, amma wataƙila ita ta hana a rushe tsohuwar unguwar da sunan zamani. A 2006 Nijar ta sanya Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

To, amma jeri a takarda ba ya tare ruwan sama. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe bayan damina. In aka yi sakaci shekaru kaɗan, zane ya narke ya koma turɓaya. Siminti da kwano sun fi sauƙin kulawa, kuma ba a ga laifin magidancin da ya zaɓe su. Hatsarin shi ne maginin da ya iya zanen ya mutu bai bar almajiri ba.

A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu ya taso. Ɗaliban Matamaye da aka kai Birni, suka kwafi dagi a littafinsu, suka tambayi tsofaffin magina sunan kowace siffa, za su koma gida da idon da zai gane tsohon zauren unguwarsu kafin ya faɗi. Sunayen nan kuwa, in ba a rubuta su da Hausa yanzu ba, tare da bangon za su tafi.