Daga Gidan Waziri zuwa Rumbun Kwamfuta: Tarihin Tsaron Sirri a Ƙasar Kabi da Sakkwato

Tun zamanin da, kowace daula tana da abu biyu da take tsarewa, watau ƙasarta da kuma sirrinta. Na farko a fili yake, domin har yanzu ana iya ganin kufan ganuwar Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a farkon ƙarni na 16. Na biyu kuwa ba a cika kula da tarihinsa ba, alhali shi ne ya fi shafar ma'aikacin gwamnati da ɗalibi na wannan zamani.

Bayan da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, sai kwarin Rima ya koma bakin daga na shekaru masu yawa. Kabawa suka kafu a Argungu, a 1849 kuma Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu. Daular Usmaniyya a nata ɓangaren ta dogara ne ga alƙalami wajen tafiyar da mulki. Sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da sauransu sukan aika da wasiƙu cikin Larabci zuwa ga Sarkin Musulmi da Waziri, a buga musu hatimi, a danƙa su ga manzo amintacce. Hatimi shi ne shaidar cewa wasiƙa ba ta jabu ba ce, amanar manzo kuma ita ce makullinta.

Wannan tsari ya yi aiki kusan shekara 100, amma yana da rauni guda, shi ne taruwar takardu masu yawa a wuri ɗaya. A 1902 Turawan Ingila suka girke sojoji a Argungu, zamanin Sarkin Kabi Sama. Daga can ne wata runduna ta taso ta haɗu da wadda ta fito daga Kano, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. A gidan Waziri Buhari aka tarar da tarin wasiƙun sarakuna, ciki har da waɗanda ke ba da labarin motsin Turawan kansu. Daga baya H. F. Backwell ya fassara su da Ingilishi, aka buga a Ikko a 1927. Ta haka ne abin da aka rubuta domin idon mutum ɗaya ya zama abin karatun kowa.

Sai dai kuma a wancan zamani, kafin a kai ga sirrin daula sai an kawo runduna an ci gari da yaƙi. Har ila yau, in an ɗauke takarda, mai ita zai wayi gari ya ga babu. Kwamfuta ta rushe waɗannan sharuɗɗa biyu gaba ɗaya. Mai kutse yana iya zama a wata nahiya ya kwafi bayanai, ya bar na asali a inda suke, ta yadda sai a yi watanni ba a san an yi ɓarna ba.

Tarihin wannan sabuwar ɓarna ba shi da tsawo. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta ƙasar Pakistan suka rubuta ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Brain, wadda ke yaɗuwa ta faifai daga hannu zuwa hannu. Da intanet ya game duniya, sai yaɗuwar ta daina jiran hannun mutum. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da majiyyata gida. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba.

Nijeriya ma ba ta tsira ba. Ran 28 ga Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, aka kutsa shafin intanet na hukumar zaɓe. A wannan tsakani kuma gwamnati tana ta tara bayanan jama'a wuri ɗaya. Babban Banki ya kawo lambar BVN a 2014, a watan Disamba na 2020 kuma aka wajabta haɗa lambar NIN da layin waya. A 2024 rahotanni suka bayyana cewa wasu shafuna suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi kaɗan, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an fasa rumbunta. An yi dokar laifuffukan intanet a 2015, da ta kare bayanan jama'a a 2023, amma doka hukunci take yi bayan aukuwar ɓarna, ba ta rufe ƙofar ofis.

Birnin Kebbi ya zama hedkwatar jiha tun 1991, saboda haka a nan ne takardun albashi da na fansho da na makarantu suke taruwa, da yawansu kuma sun koma cikin kwamfuta. Ke nan abin da gidan Waziri ya kasance a 1903, shi ne kowane ofis mai riƙe da irin waɗannan bayanai ya zama a yau, sai dai wannan karon sirrin ba na sarakuna kaɗai ba ne. Na masunci ne a Argungu, da manomin shinkafa, da malamar firamare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon yau ita ce akawun da ya ba abokin aiki kalmar sirrinsa, ko ya buɗe saƙon da bai san mai shi ba, ko ya bar na'ura shekara da shekaru ba sabuntawa. Matsayin da manzo mai ɗauke da wasiƙar sarki yake da shi jiya, shi ne na wannan akawu a yau, amanar da ke wuyansa kuwa ta fi ta manzo nauyi.