Badagishiri: Tarihin Gari da Ƙoramarsa

Garin Badagishiri yana cikin ƙasar Adar, a gundumar Illela ta jihar Tawa, bisa hanyar kwalta wadda ta taso daga Tsarnawa, kusa da Birnin Ƙwanni, ta miƙe arewa har Tawa. Tsakaninsa da Tawa bai kai kilomita 50 ba, kuma daga nan ne hanyar Illela take rabuwa ta nufi kudu maso yamma.

Gari ne na bakin ruwa, amma baƙon da ya zo da rani yana neman gulbi ba zai tarar da kome ba sai rairayi. Ƙorama ce mai ɗauke da sunan garin, wadda take tattaro ruwan tuddan Adar daga gabas ta gangara da shi yamma, tsakanin kwarin Kaita a arewa da na Magiya a kudu. Ruwan sama a nan wajen milimita 400 ne a shekara, mafi yawansa cikin wata uku. Idan hadari ya sauka bisa duwatsu, ƙoramar takan cika maƙil cikin sa'o'i kaɗan, ta zuba laka a fadama, ta wuce abinta. Wannan laka da danshin da take bari su ne arzikin garin: dawa a fadama, hatsi da wake a jigawa, albasa da tumatir a bakin rijiyoyi da rani. Can sama kuwa sai fako, ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya ratsa ta.

Ta fuskar sarauta, tarihin garin yana cikin tarihin Adar. Aznan ƙasar sun daɗe suna noma a kwaruruwanta ƙarƙashin inuwar Kabi, har shekarar 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku, ya ci ƙasar da yaƙi. Da aka tuɓe shi daga gadon Agadas a 1721 sai ya komo Adar ya zauna, kuma daga gare shi ne gidan Sarkin Adar ya samo asali, gidan da daga baya ya tabbata a Illela. Bayan jihadin 1804 ƙasar ta shiga tsakanin Sakkwato da Abzinawa, kowa na jan nasa. Ayarin Kel Geres suna ratsa Adar da gishiri zuwa kasuwannin kudu, su koma da hatsi da tufafi. Duk Bahaushen da ya ji sunan Badagishiri, kalmar gishiri ce take fara faɗo masa a kunne.

Turawan Faransa sun shigo da wuta: a 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙwanni. Ba da jimawa ba suka kafa bariki a Tawa, suka tsara ƙasar kanto-kanto, iyakar da suka shata da Ingilishi kuma ta raba Adar da Sakkwato a takarda, ko da yake ƙafar fatake ba ta taɓa yarda da hakan ba. Hanyar mota ce ta ɗaga garin. Kasuwarsa ta mako-mako ta zama mahaɗar makiyayan arewa da ƴan kasuwar Najeriya, musamman wajen cinikin shanu da tumaki da awaki da raƙuma.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne daga ƙasar kanta. Da mutane suka yawaita, aka sare itatuwan tudu, ruwa ya daina tsayawa a sama, ya riƙa saukowa da ƙarfi yana yanka gonaki. Ƙoramar da take shimfiɗa ruwanta a fadama ta koma tana zurfafa ramin kanta tana cin gaɓa. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984 wanda ake kira El Buhari. Samari suka bazama cin rani Najeriya da Abijan, wasu gidajen ma aka rufe su ɗungurungum. An kawo ayyukan raya karkara tun shekarun 1970 da kuɗin Turai, an jera duwatsu, an yi shingayen tare ruwa, amma yawancin abin da injin ya gina bai daɗe ba bayan tashin masu injin.

Abin da ya tsaya, hannun manomi ne ya yi shi. A 1988 asusun FIDA ya fara aikin kiyaye ƙasa da ruwa a yankin Illela, kuma a 1989 aka kai manoma 13 ziyara Yatenga ta Burkina Faso. Can suka ga yadda ake gyara tassa, ramin shuka wanda su ma sun san shi a gida. Ana haƙa shi da rani a kan fako, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Takin yana jawo gara, gara tana huda ƙasa, ruwan farko ya sami inda zai nutse maimakon ya gudu. Da suka dawo, wasunsu suka gwada a ƴan gonaki na bakin hanya. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka yi hatsi alhali na maƙwabta sun ƙone. Masu zuwa kasuwa suka gani da idonsu, ba a bukaci mai wa'azi ba.

Zuwa 1998 an farfaɗo da kimanin hekta 9,000 a yankin ta hanyar tassa da rabin wata. Fakon da a da ko kyauta ba a karɓarsa ya zama abin saye da sayarwa, haƙar tassa ta zama sana'ar da matasa suke samun kuɗi da ita ba tare da sun bar gida ba. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambunan albasa.

A 2004 aka zaɓi majalisar farko ta ƙaramar hukumar Badagishiri, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutanenta sun haura 100,000. Ƙoramar dai tana nan da halinta: kowace damana takan ci gaɓa a wani wuri, kowane rani kuma a ga mutane a kan tudu da diga da kwandon taki.